Motar gida ko tokumbo? Amsa ga ƙanenmu mai shirin sayen mota

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena na ga tambayarka ta daren jiya, ka ce shekara huɗu kana tara kuɗi, kana son motar da za ka riƙa kai yara makaranta, ka tahi aiki, ƙarshen mako ka leƙa su Inna can Tambuwal, kuma zuciyarka ta rabu biyu tsakanin sabuwa ta gida irin Innoson ko Peugeot ɗin Kaduna da kuma tokumbo irin Corolla. Na karanta amsoshin da anka ba ka, wasu sun ce kishin ƙasa kawai ka sayi ta gida, wasu sun ce kada ka soma wai gwangwani ce. Wallahi duk biyun ba su yi maka adalci ba, kuɗin shekara huɗu ba abin da za a yanke ma hukunci da layi ɗaya ba ne, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka abin da na sani.

Da farko mu san mi ake nufi da motar gida. Innoson tana Nnewi jihar Anambra, mai ita Innocent Chukwuma da kayan gyaran babur ya faro kafin ya kai ga buɗe masana'antar mota a 2010, kuma ni ina ganin girman mutumin nan ƙwarai, don ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ka zuba dukiyarka ga ƙera mota a ƙasar da wuta ba ta tsayawa. Sai Peugeot da kamfanin Dangote ya farfaɗo da haɗa ta a Kaduna a 2022, suna fitar da 301 da a-kori-kura Landtrek da sauransu. Akwai Nord a Legas. Amma gaskiyar magana injin da giya daga waje suke zuwa, kamfanin ƙarfe na Ajaokuta har yau bai tashi ba, ko taya ma tunda Michelin da Dunlop sunka rufe masana'antunsu wajen 2007 da 2008 shigo da ita muke yi. To ka ga lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, ba tokumbo kaɗai ta yi tsada ba, ta gidan ma binta ta yi. Wanda duk yac ce maka motar gida ba ruwanta da dala bai san zancen ba.

Sai maganar ƙarko, kuma nan ne raina ke ɓaci in na ji ana cewa ba mu iya ba. Ku yaran yanzu ba ku riski zamanin 504 ba. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, kuma an daɗe da barin yin 504 a Faransa mu muna nan muna yin abarmu har bayan shekarar 2000. Baffana yana da wagon ɗinta, layin Sakkwato zuwa Kano yake yi, mutum bakwai da kaya har saman rufi, buhun albasa a but, ga rami ga zahi, in ya dawo da dare sai ya ɗaga bonet ya duba ruwa da baƙin mai ya shafa bodin da hannu kamar mai shafa doki. Motar nan ta gida ce, hannun 'yan Najeriya ya ɗaura ta. Kuma abin da ya sa ta gagara ba ƙarfen kaɗai ba ne, a'a, ko a Ɗange ko Shuni ta tsaya maka akwai bakaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinshi, kayanta kuma ko'ina akwai. Zamanin nan akwai Steyr a Bauci, akwai masu haɗa manyan motocin Fiat a Kano, ANAMMCO a Inugu, Leyland a Ibadan, Volkswagen a Legas. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 da faɗuwar naira sunka karya su ɗaya bayan ɗaya, tokumbo ta zo ta cike gurbin.

Yau kujerar da 504 ta bari Toyota ce zaune kanta. Corolla tun 1966 ake yin ta, an sai da fiye da miliyan 50 a duniya, duk wata cuta da ke jikinta an daɗe da gano ta an yi magani. Injin 1.8 ɗin nan na 2003 zuwa 2008 sarƙa gare shi ba bel ba, in kana juye kan lokaci da mai na kirki zai daɗe shina yi maka bauta. Motocinmu na gida na yanzu ba su kai ga tara wagga shaida ba tukuna, shekarunsu kaɗan ne, kuma masu su mafi yawa gwamnati ce da sojoji da 'yan sanda, ba irinmu masu ƙirga litar mai ba.

Amma ka riƙe wannan, tokumbo ba motar da kamfani ya ƙera ba ce kake saye, saurar da wani ya bari ce. Da yawansu daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya na Amurka ake kwaso su, a buge bodi a Kwatano ko Legas, a feshe fenti, a mai da mita baya. Ni kaina ya taɓa cin ni. Wani dillali ya sai min wata mota tana ƙyalli kamar amarya, na yi murna iyalina sun yi murna, wata biyu sai gilas ya fara ƙin sauka, fitilun dashbod suna kamawa suna mutuwa, ran nan ta mutu min tsakar titi wajen Gidan Dare da azahar yara na ciki. Da mai gyaran wayar mota ya ɗaga kafet ɗin ƙasa muna tsaye, sai ga busasshen laka ja-ja ya kwanta, ƙarfen da kujera ke gudu kanshi duk tsatsa, soket ɗin wayoyi sun yi kore, ga wani wari na rima da turaren da anka fesa ya ɓoye. Ya dube ni yac ce Alhaji wagga mota ta sha ruwa har wuya. Abin da na kashe kanta Allah kaɗai ya sani, kuma dillalin ko waya ya daina ɗauka. Sabuwar mota ta gida ba za ta yi maka haka ba, kai ne farkon wanda ya murza mata makulli, ga garanti a rubuce, ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Wannan babban abu ne kuma masu zagin motar gida ba su faɗinshi.

Wajen aiki kan hanya kuwa kowa da inda ya fi. Motar da anka yi don titin Amurka ƙasa-ƙasa take, ka sa mutum biyar ka shiga lungunan Mabera da damina za ka ji cikinta na gugar ƙasa, shokozoba kuma dama ta gaji tun can. Wasu na gida sun fi tashi sama, an yi su da sanin irin hanyarmu, in ƙauye kake shiga da kaya nan kam sun fi dacewa. Esi kuma a garin da watan Afrilu zahi ke wuce digiri 40 ba ado ba ne, sabon kwamfuresa da wanda ya shekara goma sha shina aiki ba ɗaya ba ne. Shan mai, tunda anka cire tallafi ran 29 ga Mayu 2023 kowa lissafi yake, Corolla mai lafiya ba ta da ci, 301 ma ƙaramin inji gare ta, to nan kusan kunnen doki ne, manyan jif ɗin ne dai ko na gida ko na waje za su tsotse ka. Af, kuma don Allah ko wace ka saya kada ka bari bakanike ya cire maka tamostat, abin nan mai daidaita zahin inji, ya haɗa fanka kai tsaye wai don garinmu da zahi, wannan al'adar tana ƙara shan mai tana cin inji a hankali, lagireto mai tsabta da ruwan kulan na kirki shi ne magani.

To yanzu ga inda zancen yake, kuɗi. In sabuwa da sabuwa za a gwada, ta gida ta fi Toyota sabuwa dal sauƙi nesa ba kusa ba. Amma kai ba wannan ne gabanka ba, kai kana gwada sabuwa ta gida da tokumbo mai shekara goma ko fiye, kuma nan tokumbo ta fi arha, ga shi a ƙasar nan kuɗi hannu ake sayen mota, bashin banki ruwan da ke kai ya isa ya kashe mutum, ban da ma cewa da yawanmu ba mu son kusantar riba. Sannan ranar da ta lalace fa? Corolla in fulogi ne ko birki ko famfon mai ko madubi, kafin la'asar ka samu cikin gari, sabo ko na Beljiyam, wanda aljihunka ya iya. A wurin da na yi aiki an taɓa kawo muna wata motar gida sabuwa, ba zan kama sunan kamfani ba, direbanmu na yabon ta sosai wajen hawa rami, ranar da wata 'yar na'ura ta inji ta mutu sai da motar ta yi sati biyar ƙarƙashin dogon yaro, ƙura ta rufe ta har yara na rubutu da yatsa kan gilas, ana jiran kaya daga kudu. Ofis na iya jira don akwai wata motar. Kai mai mota ɗaya da yara uku fa? Kaduna ma da ke kusa sai ka bi Gusau ka bi Funtuwa ka bi Zariya, kusan yini guda, kuma kowa ya san halin da hanyar nan take ciki, balle Nnewi.

Sai ranar sayarwa, wadda ba mu so amma tana zuwa, ko rashin lafiya ko aure ko kuɗin makaranta. Corolla kamar zinari take, ka kai ta bakin dillalai da safe kafin magariba an taya, har daga Ƙonni ana nema. Motar gida sai ka jira mai so, kuma zai taya ta da tsoro don shi ma tunanin kayan gyara yake.

Abin da ke ci min rai shi ne wannan ba laifin talaka ba ne. Ba a ce ma mai albashi ya ɗauki kishin ƙasa bisa kanshi shi kaɗai alhali a 2023 'yan majalisar tarayya manyan jif na waje sunka saya ma kansu, bayan tun 2017 akwai umarnin fadar shugaban ƙasa cewa ma'aikatu su fifita kayan gida. Da gwamnatoci da ƙananan hukumomi da jami'o'i da kamfanonin sufuri za su dage kan na gida, da dole kamfani ya buɗe wurin gyara a Sakkwato, 'yan kasuwa su fara kawo kaya, yaranmu su koyi gyaran, bayan 'yan shekaru motocin su fito gwanjo talaka ya samu da sauƙi, haka 504 ta shiga kowane gida. Kuma basira muna da ita, ɗanmu Jelani Aliyu da ya yi karatu nan FGC Sakkwato shi ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ya dawo ya riƙe hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa NADDC daga 2017 zuwa 2023, zamaninshi anka kafa tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a jami'ar Ɗanfodiyo a 2021. In na tuna haka sai in ji ba abin da ya gagare mu sai riƙo.

Don haka ƙanena, da kuɗinka da irin buƙatarka, ni Corolla zan ce ka saya, kuma ina faɗin haka ne ba da jin daɗi ba. In da a ce kana da mota ta biyu ko kasuwanci ne da kai mai shiga ƙauye, da na ce ka je Kaduna ka ga 301 ko Landtrek da idonka, ka kira Innoson ka tambaye su ƙarara ina wurin gyaransu mafi kusa da Sakkwato, kwana nawa kaya ke isowa, garanti shekara nawa kuma mi da mi ya ƙunsa, su rubuta maka.

In kuma tokumbon ce, kada ka biya ko sisi sai an bincika lambar VIN ɗin nan mai harafi da lamba 17 a intanet an ga tarihinta, ka tuna mitar Amurka mil take ƙirgawa ba kilomita ba, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, a sa kwamfuta a duba, a leƙa ƙasa a tabbata ba a cire indomi ba, wato abin tace hayaƙin nan da ke jikin salansa, a ɗaga kafet ka sa hanci. Takardun kwastan kuma ka kai ofishinsu su tabbatar maka, don tun Janairun 2017 anka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, duk wanda yac ce maka ta Illela ta shigo da arha to ka san abin da kake saye, wata rana a hanyar Jega za a sauke ka da iyalinka. Ka ware wani abu cikin kuɗin don taya huɗu da batir da juye na farko, kada ka zuba duka ga dillali. In ka samu wadda ta kwanta maka ka yi min magana ta gefe, ranar Asabar ina gari, sai in zo da mai wayar nan da ya gano min lakar mu duba ta tare.