Gam mai haɗi biyu: inda yake riƙewa da inda yake ba da kunya

Daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, da wuya ka shiga shagon kayan gini ko na kayan mota ka rasa katin nan mai ɗauke da 'yan bututu biyu. Wasu na ce masa "fo minit" saboda minti huɗun da ake rubutawa a jikinsa, wasu kuma duk wanda suka gani Araldite suke kiransa ko da wani kamfani ne ya yi. Sunan nau'insa ifoksi. A cikin kayan gyara masu araha babu wanda ya kai shi amfani, kuma babu wanda ake ɗora wa laifin da ba nasa ba kamarsa. Yawancin masu cewa "gam ɗin nan ƙarya ne" sun shafa shi ne a kan maiƙo, ko a kan robar da tun asali ba ya kamawa.

Shi ba bushewa yake yi ba kamar gam ɗin kafinta. Bututu ɗaya ƙaro ne, ɗayan kuma sinadarin da ke sandarar da shi, sai sun haɗu aiki ke farawa, har ka ji haɗin ya ɗauki ɗumi. Shi ya sa yake cike rami kuma ba ya tsukewa idan ya sandare, abin da sufa gulu ba zai yi maka ba. Kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ne ya fito da Araldite a 1946, kuma har yau ana samunsa a kanti, ciki har da iri biyun nan: Rapid mai kamawa cikin kamar minti 5, da Standard mai ba ka fiye da awa guda kana gyara zaman abin kafin ya fara tauri. Akwai kuma J-B Weld na Amurka, mai launin toka, wanda ke kamawa cikin awa 4 zuwa 6, ya gama ƙarfi tsakanin awa 15 da 24. Mai jinkirin ya fi mai saurin ƙarfi da jure zafi. Saurin da ake tallar fo minit da shi, shi ne kuma rauninsa.

A wajen haɗawa mutane suka fi yin kuskure. Matso layi biyu masu tsawo ɗaya a kan busasshen kwali, ka juya da tsinke na kusan minti ɗaya har launin ya zama guda, babu zanen fari ko baƙi a ciki. Ƙara sinadarin sandarwa don wai ya fi ƙarfi ɓata haɗin yake yi: zai tsaya da danƙo kamar cingam, gobe ma haka za ka same shi. Sannan minti huɗun nan an auna shi ne a ɗaki mai sanyi. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, da kyar ka samu rabinsa. Haɗa kaɗan kaɗan, a inuwa, kuma ka baza shi a kan kwalin, domin idan ya taru wuri ɗaya zafin kansa na ƙara masa sauri. Kar ka matsa bututun sai komai na gabanka, har da igiya ko robar da za ka ɗaure abin da ita.

Shirya wurin ya fi gam ɗin kansa muhimmanci. Goge da samfefa mai kaushi, lamba 80, har ƙarfen ya fito fes kuma ya yi zane-zane, domin cikin zanen nan gam ke samun abin kamawa. Sai ka share da sifirit, ka bari ya bushe. Kar ka wanke da kananzir ko man gas, suna barin maiƙon da ido ba ya gani. Bayan ka share, ko yatsa kar ya sake taɓa wurin.

Inda ya fi burgewa shi ne murfin kwamfutar tafi-da-gidanka. Sau da yawa maganar "murfin ya karye" ba ƙarfen da ke buɗewa ne ya karye ba. Wasu ƙananan notoci ne na farin tagulla da aka dasa cikin roba suka tuge, saboda ƙarfen ya yi tauri yana jan su duk buɗewa. Cire batir, buɗe bayan, ka fara sassauta notin ƙarfen da kamar kwata na zagaye don ya daina ja da ƙarfi. Wannan matakin ne ake tsallakewa, shi ya sa gyaran ke sake tashi bayan mako biyu. Shafa ɗan basilin a jikin kusar da ke shiga notin, ɗaura ta cikin notin tagullar don gam kar ya toshe zaren, kankare robar da ke kewaye, sannan ka zuba gam ya zagaye notin. A bar shi kwana ɗaya cur kafin a buɗe murfin. Da 'yan canji an ceci abin da mai gyara zai ce sai an sayi sabon gidan kwamfutar gaba ɗaya.

A cikin gida ma yana yin abin kirki: ƙotar wuƙa da ta saki, hannun durowa, tayil da ya ɓantare a gefe, tangaran na ado, ƙafar kujerar ofis da ta tsage a gindin taya. Ramin kusa da ya buɗe a ƙofar katako ba ya ma buƙatar gam mai yawa, tsinken ashana uku ko huɗu da aka tsoma ciki aka cusa a ramin sun isa, idan ya sandare a yanke saura a mayar da kusar. Kofin shayi kuwa, hannunsa kawai za a liƙa. Cikin abin da ake zuba abinci mai zafi ba wurinsa ba ne.

Maganar lagireto na buƙatar a tsaya. Ruwan da ke ciki na kaiwa wajen digiri 90 ko fiye, kuma a matse yake, lambar 0.9 ko 1.1 da ke kan murfin ita ke nuna matsin. Fo minit na fara laushi tun kafin wannan zafin, shi ya sa yake riƙewa a gareji ya saki a kan hanya. Idan dole ne, a nemi mai jinkiri irin J-B Weld, wanda kamfaninsa ya ce yana jure zafi har wajen digiri 287. A bari inji ya huce sarai, a sauke ruwan ƙasa da tsagar, a busar. A huda ɗan rami da ƙaramin dirili a kowane ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba da tafiya, a ɗan faɗaɗa bakinta, a goge kewaye da faɗin yatsa biyu. Shafi na farko, sai a ɗora guntun ragar taga ta ƙarfe, a danna, a bi da shafi na biyu. Awa 24 kafin a zuba ruwa. Duk da haka gyaran kai-ni-gida ne, musamman a kan saman lagireton roba irin na motocin yanzu, wanda ke kumbura ya saki kullum. Ido ya riƙa zama a kan allurar zafi har a canza.

Tankin janareto na ƙarfe da tsatsa ta huda kamar bakin allura, nan gam ya fi walda hankali, domin tankin da aka juye ma yana riƙe da tururin fetur da wuta za ta iya fasawa. A juye man, a bar tankin a buɗe ya sha iska nesa da wuta, a goge da hannu, a liƙa daga waje da wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure fetur. Idan an riga an goga sabulu don tsayar da ɗigon, kamar yadda direbobi ke yi, sai an kankare shi tas.

Inda yake faɗuwa warwas shi ne jarka, bokiti, baho, kujerar roba da babban tankin ruwa na saman gida. Juya gindin abin: idan ka ga lamba 2 ko 5 cikin alamar kusurwa uku, ko haruffan PE ko PP, kar ka ɓata kuɗinka. Wannan robar santsi gare ta kamar kakin zuma, gam zai sandare a kai ya ɓalle da farce. Maganinta narkarwa ne da ƙarfe mai zafi da guntun roba irinta, aikin masu liƙin robar da ke yawo unguwa. Haka tiyo, takalmi da duk abin da ke lanƙwasa, domin shi idan ya sandare ba ya lanƙwasa, tsagewa yake. Salansar mota kusa da inji ta fi ƙarfinsa zafi. Bututun birki, ƙarfen sitiyari da tukunyar gas kuwa, ko mai shago ya rantse kar a kusance su da shi.

Wajen saye, matsa bututun ta cikin leda. Idan ka ji tauri ko gudaji, ya daɗe a rana, bar shi. Fo minit ya isa ga ƙananan gyaran gida da ofis, amma duk abin da zai ɗauki nauyi ko zafi ya cancanci a ƙara kuɗi a sayi mai jinkiri. Wanda ya taɓa hannu a wanke shi da sabulu tun yana ɗanye, don yana sa wasu ƙaiƙayi. Bayan aiki a share bakin kowane bututu, kuma a kula kar a musanya murafen biyu, in ba haka ba ranar da aka sake nema za a tarar sun liƙe har abada.