Fenti a hunturun Jos: bango uku sun yi kyau, na huɗu ya kunyata ni gaban surukai

Sai yanzu da aka yi ruwa uku zuwa huɗu raina ya kwanta har zan iya zama in rubuta abin da ya shiga tsakanina da fentin nan. Da a watan Janairu na yi rubutun, da na tsine wa kamfanin tas. Ba zan kira sunansa ba, don har yau ban gama raba laifin tsakanin fentin, mai fentin, mai shagon da ni kaina ba.

Auren 'yata ta fari aka sa ƙarshen Disamba. Gidan namu shekara tara rabonsa da buroshi, gindin katanga duk ya yi baƙi inda ruwan indararo ke fantsama. Uwargida ta ce ba za a kawo mata baƙi daga Kano da Bauchi su tarar da gida kamar kango ba. Na je na sayo durom huɗu na fentin ruwa, na bangon waje, launin ruwan madara, mai tsadar, ba irin wanda masu gidan haya ke shafawa ba. Na haɗa da galan biyu na fentin mai domin get da ƙarafunan taga. Kun dai san abin da durom yake yanzu, ba sai na tayar muku da hankali ba.

Mai fentin wani maƙwabcina ne ya haɗa ni da shi, ya zo da yara biyu da tsani. Ya ce kwana huɗu sun ishe shi. Na ba shi kafin alƙalami saura kwana takwas biki, ina ganin na bar rata. Ya yi kwana biyu yana aiki tsakani da Allah, ya gama gabas da kudu, sai ya ɓace kwana biyu, waya a kashe. Da ya dawo ya ce rasuwa aka yi musu. Daga baya ɗaya daga cikin yaransa ya yi suɓutar baki, ashe wani aikin ya karɓa a Bukur.

Gidana arewa yake kallo. Wanda ya san Jos a Disamba ya san abin da wannan ke nufi. A wannan watan rana ta karkata kudu, katangar gaban gidana ba ta ganin hasken rana ko na minti ɗaya, tun safe har magariba a inuwa take. Ita ce kuma ke tare iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas da ƙurarta. Ka ɗora hannu a jikinta da hantsi sai ka ji kamar ka taɓa randa. Wannan katangar ya bari ta zama ta ƙarshe. Ranar Alhamis bayan la'asar ya yi mata shafar farko, aka kira magariba yana kan ta biyu, yaro na haska masa da fitilar waya. Na fito za ni masallaci da rigar sanyi biyu da hular kunne, na tsaya na ce, "Malam, wannan ɗarin ba zai hana shi kamawa ba?" Bai ko sauko daga tsani ba. Ya ce, "Haba Alhaji, ai hunturu shi ne lokacin fenti. Ba ruwa, ba laima. Kafin ka idar da isha ya bushe." Na yi shiru, don ni ma abin da na taso ina ji ke nan. A daren nan wayata ta nuna sanyi ya kai digiri 9.

Ya bushe ɗin kuwa, a ido. Juma'a da safe na tsaya daga tsallaken titi na kalli gidan na ji daɗi har raina. Na biya shi cikon kuɗinsa har da na shayi.

Asabar aka ɗaura aure, aka dawo gida cin abinci. An shimfiɗa tabarmi da dardumai a gindin katangar nan, manya suka zauna suka jingina. Baffan ango, shi ne waliyyinsa, dattijo mai kwarjini, ya zo cikin babbar riga ta shadda shuɗiya mai duhu, sabuwa fil, sai ƙamshi take. Ya ci, ya yi addu'a, ya miƙe. Wallahi bayansa fari fat tun daga wuya har ƙugu, kamar wanda ya ɗauko buhun gari daga inji. Wani yaro ne ya fara cewa, "Baba, bayanka!" Sai kowa ya shiga juya nasa. Mutum bakwai ko takwas, duk an buga musu tambari. Ƙanena ya ruga ya ɗauko tsumma yana kaɗe wa dattijon riga, yana kaɗewa abin na ƙara shiga zaren. Ni kuwa na tsaya riƙe da faranti, na rasa inda zan sa fuskata. Na shafa katangar da tafin hannu, ya fito kamar na dafa allon makaranta. Dattijon ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ba komai Alhaji, mun tafi da albarkar gida." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Get ɗin ma bai bar ni ba. Tun Laraba aka shafa masa fentin mai, har Asabar yana danƙo. Ƙurar kwana uku ta manne a jiki, ya zama kamar samfefa, sheƙin da na biya kuɗi dominsa ko alama. Mayafin wata ƙawar amarya ya liƙe a jiki sai da aka ɓamɓaro shi.

Litinin da sassafe na ɗauki bokitin da ya rage na nufi shagon, na shirya rigima. Na ce masa jabu ya sayar min. Bai yi musu da ni ba, ya juya bokitin ya ɗora yatsa a kan wani rubutu na Turanci, ƙanana kamar ƙwan kifi, sai da na sa tabarau. Kada a shafa idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10. A bar sa'o'i huɗu tsakanin shafa da shafa. Ruwan da za a ƙara kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Na ce to me ya hana ka gaya min? Ya ce, "Yallaɓai, ai ba ka tambaya ba." Na ɗauki bokitina na fito.

Ƙanen uwargida, wanda ya karanci harkar sinadarai, shi ya warware min abin yadda na gane. Ya ce fentin ruwa wasu ƙananan ƙwayoyin roba ne ke yawo a cikin ruwa tare da launi. In an shafa, ruwan ya fita, ƙwayoyin su matsu su narke cikin juna su zama fata guda, wannan fatar ce ke riƙe launin a bango. To in sanyi ya yi yawa ƙwayoyin taurarewa suke yi, ruwa zai tafi amma ba za su haɗe ba, sai a bar ka da gari a manne a bango. Ya ce kuma bangon da bai ga rana ba, cikin dare yana iya fin iskar da waya ke aunawa sanyi, ga Jos a kan tudu, wajen mita 1,200, dare na yi sanyi ke saukowa. Shi kuwa fentin mai da iska yake haɗuwa ya taurare, sanyi na rage masa gudu, shi ya sa get ya kwana uku yana kama ƙura. Ya tambaye ni ko an wanke katangar kafin a shafa. Ba a wanke ba. Tsintsiya kawai yaro ya kai mata sau biyu, a kan ƙurar hunturu aka yi aikin.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa: sauran bangon uku sun yi kyau ƙwarai. Gabas da kudu da aka shafa da rana tsaka, yamma da aka yi da azahar, ka goga hannu ba abin da zai biyo ka. An yi ruwan farko mai iska a Afrilu, na fita da lema ina dubawa, ruwa na gangarowa a jiki kamar a bayan agwagwa. Launin bai dushe ba, bai yi tabo ba. Daga durom ɗaya aka ɗebi na yamma da na arewa. Don haka wanda ya tambaye ni ko fentin na da kyau, zan ce masa yana da kyau, ya saya.

Amma da na tuna sai raina ya sake ɓaci. Kamfanin da ya san yana kai kaya Jos da Bukur da Fankshin, ya san kuma ana yawan yin fenti a garuruwan nan a Disamba, saboda bukukuwa da Kirsimeti, me zai hana ya rubuta gargaɗin sanyi da manyan baƙaƙe a kan murfi? Ko da Hausa ne layi ɗaya? Sunan kamfani ka hango shi daga tsallaken kasuwa, abin da zai cece ka daga asara kuwa sai da tabarau. Mai shagon kuma da ya ga na shigo da hular kunne ina sayen fentin waje, bakinsa bai yi nauyin gaya min farashi ba, sai wannan. Ban sake taka shagonsa ba, durom na biyar a wani wuri na saya.

Shi kuwa mai fentin, yaron nan nasa ya ƙara tona min cewa da suka ga durom na ƙarshe ba zai kai ba, sun tsinka shi da ruwan rijiya, ba awo, da ido kawai. Ruwan rijiyar Jos da magariba a Disamba, ku ƙiyasta. Na kira mai fentin ya fi sau goma kafin ya ɗauka. Da ya zo ya shafa bangon ya kalli hannunsa, sai ya ce siminti ne ke fitar da gishiri. Katangar da ta shekara goma sha biyar a tsaye! Maƙwabcin da ya haɗa mu ne ya shiga tsakani, aka yi sulhu a kan zai sake aikin a rabin kuɗi, ni in sayi fenti.

Na ƙi yarda a taɓa sai Maris, da gari ya yi ɗumi. Na ɗauki hutun kwana uku na sa kujera a ƙofar gida. Aka kankare da burushin ƙarfe, aka bi da samfefa, aka wanke da ruwa, aka bar shi ya kwana. Ba a buɗe bokiti sai goma na safe, uku na rana a rufe. Shafa ɗaya a yini. Ruwan da za a ƙara ni nake aunawa da robar lita ɗaya, yana ta kumbure-kumbure wai na raina masa sana'a. Wannan karon ya kama, kankarewar ma ta fi shafawar cin lokaci.

Get ɗin dai ban sake ba, kuɗi sun ƙare. Har yanzu akwai shatin tafin hannun wani yaro a ƙasan sakata, yatsu biyar cif. Baffan ango kuma duk sanda muka gaisa a waya sai ya tambaye ni ko ya zo da farar riga ne in zai shigo Jos.