Tsibirin Rapa Nui ko kufan Machu Picchu: wanne ya fi wa Bayahude matafiyi sauƙi?

Ga Bayahuden da ke kiyaye Asabar (ranar hutun da ba a aiki ko hawa abin hawa) da abincin kosha (wanda ya halatta a addinin Yahudu), Machu Picchu, kufan tsohon garin mutanen Inka a ƙasar Peru, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma dalilin shi ne Kusko, birnin da ake bi ta cikinsa zuwa can. Garin yana da gidan Chabad, wata ƙungiyar addinin Yahudu, inda ake samun abincin kosha da jam'in addu'a, don matasan Isra'ila sun daɗe suna tururuwa can bayan aikin soja. Mutum zai yi Asabar ɗinsa a nan, ranar Lahadi ya kama hanyar jirgin ƙasa zuwa Aguas Calientes, garin da ke gindin kufan. Amma Kusko tana kan tsayin kusan mita 3,400, kufan kuwa mita 2,430, saboda haka ciwon kai da haki a Kusko suke kama baƙo, ba a kufan ba. A huta kwana biyu tukuna. Tikitin shiga ma yana da ƙayyadadden lokaci, gara a saya tun da wuri, a kauce wa yammacin Juma'a, lokacin da Asabar ke shiga.

Rapa Nui fa? Tafiyar wajen awa biyar ce a jirgi daga Santiyago, babban birnin Chile, fiye da kilomita 3,500 cikin teku, don ganin manyan gumakan dutse da ake kira moai. Can kai ne mai dafa wa kanka. A sayi guzuri a unguwannin Yahudawan Santiyago, a taho da tukunya da wuƙa. Kifin tuna yana da fiffike da ɓawo, don haka ya halatta, kuma ɗanye ake samunsa. Masauki a cikin Hanga Roa, babban garin tsibirin, ya fi, inda ƙafa za ta kai ka bakin teku ranar Asabar.