Madubin ƙara girma na USB: zai iya tantance shazumamin da ka kamo?

A shagunan kayan waya na Adum da Kejetia a Kumasi ana sayar da wani ɗan madubin ƙara girma mai kama da tocila, da fitilun LED 8 a bakinsa, ana jona shi da kwamfuta ko wayar Android mai karɓar OTG, wato wadda ake iya jona mata na'urar USB. Masu kiwon tururuwa a Kumasi kan saye shi don gane irin gidan shazumamin da suka tono a gona ko cikin ruɓaɓɓen icce.

Kada lambar 1000x da ke jikin kwali ta ruɗe ka, bai kai ko kusa ba. Amma don tabbatar da cewa Camponotus ce, wato jinsin shazumami a kimiyyance, ya wadatar. Kwantar da tururuwar ta gefe: ƙulli ɗaya tak tsakanin ƙirji da ciki, babu ƙarin harbi, ƙarshen cikin rami ne zagayayye da take feso ruwa mai tsami. Gaɓoɓin ƙahonta 12, kuma madubin na nuna su a ƙirga. In ka ga ƙayoyi a gadon baya, wataƙila Polyrhachis, wani jinsin tururuwa dabam, ka kamo.

Wajen rarrabe ire-iren Camponotus (C. a taƙaice) ne madubin yake gazawa. C. maculatus mai yawon dare, rawaya da baƙi da ɗigo-ɗigo a ciki, tana da 'yan uwa masu kama da ita sosai, launi kaɗai ba ya raba su. Sai an duba gashin kumatu da na ƙafafu, nan kuwa hoton kan dushe. C. sericeus ba ta da wuya, saboda gashin zinariyar da ya rufe cikinta da kuma gantsarwar bayanta. C. acvapimensis, baƙar nan ta gonakin koko wadda masanin ƙwari Mayr ya bayyana a 1862 da sunan yankin Akwapim na Ghana, ita ce ke shan haske: fitilun kan haska jikin baƙar tururuwa har gashin ya ɓace. Rage su ƙasa, ka yanke gindin farin kofin roba ka kifa a kanta, ka haska daga waje.

Ƙafar da madubin yake zuwa da ita ba ta da ƙarfi, da ka taɓa maɓallin hoto komai ya girgiza. Ɗauka daga manhajar.

Zaɓi manyan ma'aikata masu ƙaton kai guda 3, domin 'ya'yan farko na sabuwar sarauniya ƙanana ne, suna ɓatar da mutum. Jiƙa su a sifirit mai kashi 70 ko fiye, bar su su bushe kafin hoto. Sarauniyar dai kada a taɓa ta. Ɗauki fuska, gefe da sama, da rula a kusa, ka gwada da hotunan AntWeb, shafin intanet na hotunan tururuwa, ka rubuta wurin kamu da ko a ƙasa gidan yake ko a icce.

Ga mai farawa kuɗinsa bai faɗi ba. Mai son tabbataccen suna sai ya kai samfurin wurin masana ƙwari a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, inda akwai madubi mai ido biyu.