Wata shida da mayar da adashinmu kan Signal

Ni ce uwar adashin matan layinmu a Aboabo, nan Kumasi, mu 17. Abin da ke hannuna amana ce: wa ta zuba, wa ta makara, wa ta roƙa a ba ta kwasa da wuri don maigida na kwance a asibiti. Shi ya sa da ɗan yayata mai karatun kwamfuta a jami'ar KNUST ya ce, "Inna, ki gwada Signal," na tsaya na saurare shi. Signal manhajar aika saƙo ce a waya, irin WhatsApp.

Bai ɓata WhatsApp ba. Ya ce tun 2016 da makullin Signal ɗin ma yake rufe saƙonni, kamfanin kansa ba ya iya karanta su. Abin da ya rage da kamfanin ke gani shi ne sawu: da wa kika yi magana, yaushe, da wace waya. WhatsApp na Meta ne, masu Facebook, da suka saye shi a 2014, kuma da talla suke cin abinci. Signal kuwa gidauniya ce ke riƙe da shi, ba neman riba take ba, kuma an baje yadda aka gina shi a fili, mai ilimin abin ya duba. Ni ban iya dubawa ba, amma mai awon da ya bar mudunsa kowa ya gwada ya fi kwanta mini a rai.

Abin da na fi jin daɗi shi ne ɓoye lamba. Sai da lamba ake rajista, amma tun 2024 za ki iya ba mutum laƙabi kawai. A Ghana lambar waya ita ce ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ita ce kuma ke haɗe da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ba abin rabawa kowa ba ce. Na kuma saita saƙonnin ƙungiya su goge kansu bayan mako huɗu. Lissafi dai yana littafina. Saƙon murya na fita tas.

Wahalar ita ce jama'a. Masu sayen atamfata a kasuwar Kejetia duk a WhatsApp suke, can nake sa hotunan kaya, don haka ban cire shi ba. Hajiyoyi uku kuma sun ce wayoyinsu sun cika. Su har yanzu da ƙafa nake kai musu bayani ranar Juma'a bayan la'asar.