Shafin farko: mai hotuna masu juyawa ko mai sauƙi?

Hajiya, kin tambayi wanne ya fi dacewa da shafin intanet na shagonki na atamfa. A cikin samfuri biyun da mai haɗa shafin ya turo miki, wato mai manyan hotuna masu juyawa da bidiyo a sama, da kuma mai hoto ɗaya da rubutu da maɓallin WhatsApp, ki ɗauki na biyun.

Irinsa ne nawa na turaren wuta da humra. Layin da ido zai fara sauka a kai ya faɗi abin da nake sayarwa da garin da nake, da cewa ana aikawa ko'ina a Najeriya. Ƙasansa hoton kwalaben humra a kan faranti, sai koren maɓallin WhatsApp, sai rukunin kaya kowanne da farashinsa. Wata baiwar Allah daga Jos ta taɓa yi mini magana da daddare tana neman kayan ƙamshin amarya na ƙanwarta. Ta ce ta rubuta "humra Kano" a Google, shafukan da ta fara taɓawa suka tsaya suna ta zagaye ba su buɗe ba, nawa kuwa ya buɗe nan take duk da netwok ɗinta ba ƙarfi. Har yau duk bikin da ya taso a danginsu ni take kira, ta kuma haɗa ni da ƙawayenta.

Mai juyawar yana da kyau a ido, ban hana ba, kuma zai iya dacewa da otal. Na taɓa biyan kuɗin irinsa, mutane ba sa jiran hoto na biyu.

Abin da masu haɗa shafi ba su cika faɗa ba shi ne, su a babbar kwamfuta suke nuna miki aikin, da wayifai mai gudu, alhali Google da idon waya yake duba shafi. Tun 2018 ya fara hakan, a 2023 kuma ya sanar cewa ya kammala sauyin. Yana da ma'auni: abu mafi girma a saman shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. To ki ɗora manyan hotuna biyar da bidiyo a wurin, ki ga ko wayar mai sayen atamfa a Gusau ko Maraɗi za ta iya. Ga kuma datarta da ake ci mata tun ba ta ga ko turmi ɗaya ba. Hotonki ɗaya ya isa, a rage masa nauyi, a mayar da shi WebP, wato nau'in hoto marar nauyi, a rubuta masa ɗan bayanin abin da ke cikinsa.

Sai maganar rubutu, wadda ita ta fi damuna da samfurin farko. Duk kalmominsa a jikin hoto aka zana su, kuma abin da Google ya fi dogara da shi rubutu ne na gaske, wanda za ki iya dannawa ki kwafa. Ki tabbata taken shafin, wannan shuɗin layin da ke fitowa a sakamakon bincike, ba a bar shi "Home" ba kamar yadda da yawa suke yi. Haruffa kamar 60 ake gani kafin a yanke shi, don haka ki sa kaya da gari a gaba: atamfa, leshi da shadda a Kantin Kwari, Kano, sannan sunan shagonki. Ki tuna kuma ba Hausawa kaɗai ke saye ba. Matar da ke Legas "ankara" za ta rubuta, ba atamfa ba, saboda haka ki sa layi ɗaya ko biyu na Turanci. "Barka da zuwa shafinmu" kuwa ba wanda ke neman sa a Google, kada ki ba shi wurin da ya fi kowane daraja.

Adireshin shago, lambar waya da lokacin buɗewa su zama iri ɗaya a shafin da kuma a Google Business Profile, wanda shi ke sa ki fito a taswira. Kyauta ne, kada wani ya karɓi kuɗinki da sunan Google ne ke caji.

Ba ki tambayi wannan ba, amma sai na faɗa, don na ga 'yan kasuwa sun yi kuka a kansa. Duk wanda ya ce zai kai ki lamba ɗaya a Google cikin mako guda, ki riƙe jakarki. Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbacin. Haka masu cewa za su cusa miki ɓoyayyun kalmomin bincike a bayan shafi: tun 2009 kamfanin ya bayyana cewa ba ya amfani da wannan gurbin wajen jera shafuka. Mafi muni su ne masu yi wa adireshin shafin rajista da sunansu da imel ɗinsu. Shekara na zagayowa sai su ninka kuɗin sabuntawa, ko wayarsu ta daina shiga, shafi ya mutu, ga shi kin riga kin buga adireshin a leda da kati. Ko .com ne ko .com.ng da hukumar NiRA ke kula da shi, rajistar ta zama da sunanki da imel ɗinki, kalmar sirrin kuma tana hannunki. Adireshin ya fara da https, don tun 2018 Chrome, manhajar buɗe shafuka ta Google, yake yi wa marasa shi tambarin rashin tsaro, kuma ana samun takardar shaidar tsaron da ke ba shafi https kyauta daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt.

Kafin ki cika wa mai haɗa shafin ragowar kuɗinsa, ki sa adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google na gwada saurin buɗewa, ki duba sakamakon ɓangaren waya. Sannan ki karɓi ƙaramar wayar yaron shagonki, ki kashe wayifai, ki buɗe shafin da data, ki danna maɓallin WhatsApp ki ga ko lambarki yake kaiwa. In ya yi nauyi, ya gyara tukuna.