Dubu 70 ta doka ko albashin da zai riƙe gida?

Abu biyu ne fa mutane ke haɗawa. Akwai mafi ƙarancin albashi, wanda Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024, daga dubu 30 ta 2019 zuwa dubu 70. Amfaninsa dai doka ce, za ka iya tsayawa ka ce haƙƙina ne. To amma raba ta kwana 30, kusan 2,300 kenan a rana, magidanci mai mata da yara huɗu ya yi cefane, ya hau adaidaita, ya ajiye na haya da kuɗin makaranta, ga wuta ga magani, wallahi kafin sati biyu sai bashin mai shago.

Ɗayan kuma, wato albashin da zai riƙe gida, daga kasuwa ake fara lissafinsa, nawa ne kwanon shinkafa, nawa ne haya, sannan a yanka albashin. Shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta fara da neman dubu 615 kafin ta sauko. Matsalarsa ƙananan 'yan kasuwa zai yi musu nauyi, gaskiya ne. Ni dai shi nake goyon baya, don tunda aka cire tallafin mai a 2023 farashi bai jira kowa ba.